Kwale-kwalen Furanni

Tun da aka sallamo Zinatu daga asibiti Uwaisu ya koyi girki, kuma wannan ne abu na farko da ya soma ba ta tsoro. Mutumin da a Kano ko ruwan alwala sai an zuba masa a buta an kai masa bakin ƙofa, yau ga shi tsaye a kicin ɗin flat ɗinsu na haya a unguwar Plumstead ta London, ya naɗe hannun riga yana kaɗa miyar kuka da cokali mai yatsu. Miyar kuwa, Allah ya sawwaƙe, duk gudaji. Ya kawo mata har gado, ya zauna yana kallon bakinta. In ta yi loma biyu ta ture kwanon ba ya faɗa, sai ya ce, "Madalla, yau kam kin ci da yawa."

Ma'aikacin gwamnati ne Uwaisu. A shekarun nan da kuɗin mai ya ɓarke, ake ta kwasar ma'aikata ana turo su Ingila kos, shi ma rabonsa ya tsaga, ya taho da matarsa. 'Yarsu Luba kuwa tun ranar yaye take hannun Hajiya, mahaifiyar Zinatu, a Yakasai, can aka bar ta. 'Yar fari ce, don haka Zinatu ba ta taɓa kama sunanta da bakinta ba, ba ta taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In ta matsu sai ta ce "yarinyar nan ta wajen Hajiya", ta kawar da kai. Amma Allah ya sani, tun da ta kwanta ciwon nan babu abin da take so a duniya irin ta ga yarinyar nan. Ta bar ta tana tatata, yanzu an ce har aikenta ake yi.

Ciwon ciki ne, ya soma da bazara, aka yi mata aiki cikin azumi. Bayan ƙaramar Sallah likitan, wani dogon Bature mai tabarau, ya ja Uwaisu waje suka tsaya a baranda. Ta hango su ta gilashin ƙofa. Baturen ya yi magana, ya yi magana, ya ƙara, kamar mai huɗubar Juma'a. Da Uwaisu ya shigo, ga abin da ya kawo mata daga duk wannan doguwar magana: "Ya ce an cire abin. Saura ki yi ƙiba."

Turancin Zinatu bai wuce na gode da nawa ne ba. Duk abin da London za ta gaya mata, ta bakin Uwaisu yake biyowa, daga mai karɓar haya har mai kawo madara. To yaya za ta yi? Ta karɓa. Ta ce masa, "Malam, tunda an cire, ka bar ni in je gida mana ko na wata guda, in ga su Hajiya."

"Sabon ɗinki ba ya son jirgi," in ji shi. "Ki bari in gama da damina mu koma tare."

Ƙiba ba ta zo ba. Zobenta ya riƙa zamewa yana faɗawa cikin kwano, zanin da take ɗaurawa ya koma zagaye ta sau biyu. Sai baƙi suka soma yawa. Matan Hausawan unguwar Catford da a da sai suna ko Sallah ke haɗa su, yanzu ga su nan duk mako da kwanukan tuwo, su zauna a bakin gado suna magana ƙasa-ƙasa kamar akwai jariri a ɗakin. "Ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Su ce, "Ai ga sauƙi nan a fuskarki." Wace fuskar? Akwai madubi a gidan. Har Hajiya Fatimah matar Alhaji Mailafiya, wadda gidansu na kansu ne a London, wadda ba ta taɓa sanin hanyar Plumstead ba, rannan sai ga ta direba ya kawo ta. Da za ta tafi ta riƙe hannun Zinatu ta ce, "'Yata, mu yafi juna." Uwaisu ya yi caraf ya ce ai Hajiya Makka za ta bana, sallama take yi da jama'a. Haka ne kuma, maniyyata suna neman gafara. Sai dai me ya taɓa haɗa ta da Hajiya Fatimah da har za su yafi juna?

Ana cikin haka maganar fim ɗin ta taso.

Sai an koma baya kaɗan. Lokacin da Uwaisu yake zuwa zance wajenta, ba shi da mota, ba shi da babur, baki kawai gare shi. Mayen sinima ne na ƙin ƙarawa, 'yan ƙofa duk sun san shi. Ita kuwa 'yar mutunci a cikin birni ina ita ina sinima? Ko ta ƙofar aka ga yarinya ta gifta sai an yi da ita. Don haka shi yake kallo ya zo soron gidansu ya zuba mata, har da waƙoƙin, da Indiyancinsa na ƙarya, yana kiɗa da akwatin ashana. A cikin duk finafinan akwai wani tsoho, marar kala, wanda samarin Kano suka laƙaba wa suna Sarki Ba Barci. Da shi ya sace zuciyarta, ita ma ba ta musu.

Wai wani sarki ne barci ya ƙaurace wa, bokaye suka yi iya yinsu suka gaji. Rannan ya ji 'yar mai lambun fada tana waƙa tana ban ruwa, nan take ya ɓingire a kan karaga. Shi ke nan, ya sa aka ɗauke ta aka ajiye a wani bene da ke tsakiyar tafki, ba shiga ba fita, aikinta kawai ta yi masa waƙa ya yi barci. Mai kai mata abinci wani saurayi ne mai fito, da ɗan kwale-kwalensa. Tana waƙa daga taga, yana amsawa daga ruwa, har so ya shiga. Sai ta kwanta ciwo saboda kewar gida. Likitan fada ya ba ta magani ta warke, sarki ya ji tausayi ya 'yanta ta, ya sa aka cika kwale-kwalen da furanni. Ta shiga ta kishingiɗa, saurayin yana tuƙi yana waƙa, suka tafi garinsu aka ɗaura aure. Wannan ƙarshen Zinatu ta sa ya maimaita mata ya fi a ƙirga. Waƙar kwale-kwalen kuwa ita ya rera mata ranar da aka kai ta ɗakinsa.

To, wata Juma'a Murja ta zo ta ce sai ta fito ta sha iska. Murja 'yar Zariya ce, matar wani ɗalibi Lawal, ta yi boko, ta daɗe a London, bakinta ba ya shiru. Ita ce kaɗai ba ta yi wa Zinatu magana ƙasa-ƙasa. Suka taka a hankali zuwa kantin Ba'indiyen da suke sayen barkono da shinkafa. A jikin gilashin kantin an manna wata takarda mai hoto: bene a tsakiyar ruwa, mace a taga, namiji a kwale-kwale ya ɗaga kai, can sama kuma wani mai rawani ya zazzaro jajayen idanu. Zinatu ta tsaya cak.

"Yaya Murja, wallahi shi ne! Sarki Ba Barci!"

"Wane ne kuma haka?"

"Fim ne. Karanta mini, me aka rubuta?"

Murja ta karanta. Akwai wata tsohuwar sinima a Woolwich da Indiyawa suke haya duk Lahadi da rana, jibi za a nuna shi, sau ɗaya tak. Ita Murja ba ta taɓa ganinsa ba, ta ce ita finafinan da ba kala barci suke sa ta.

Da yamma Zinatu ta tari Uwaisu da murna, rabon da ya ga haƙoranta haka an daɗe. Mutumin nan tun da ta dawo daga asibiti bai taɓa ce mata a'a ba. Ta ce rediyo, ya sayo. Ta yi sha'awar rake, ya karaɗe London har ya samo. Amma da ta ambaci fim ɗin sai ya ajiye jakarsa a hankali, ya daɗe yana kwance igiyar takalmi.

"Matar aure a sinima? Haba Zinatu. In labari ya kai Yakasai me zan ce wa Hajiya?"

"Wa zai kai? Nan fa London ce, Malam. Kai da kanka za ka kai ni, ka riƙa fassara mini."

"Ai kin san shi tun daga farko har ƙarshe. Me ya rage? Kuma akwai sanyi a wajen nan, ba hita. A bar maganar."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma kalle ta ba. Ta bar maganar a baki, amma ta kwana da ita a ciki. Ba kishin mutunci ta gani a fuskarsa ba, ta san wannan fuskar. Wannan tsoro ne. Me zai tsorata namiji a fim ɗin da ya haddace kamar Fatiha?

Ranar Lahadi da hantsi ya tafi Stratford taron ɗalibai, daga nan zai biya ya sayo naman halal. Yana fita ta aika aka kira Murja. Ta zaci sai ta yi roƙo, ta ma tanadi magiya. Murja ta dube ta kawai, ta dubi wuyanta da ya zama kamar na kaza, ta ce, "Tashi ki sa kot. Me za ki nema yau in hana ki?" Wannan saurin yardar ma bai yi wa Zinatu daɗi ba, amma ta sa kot ɗin.

Sinimar wani ƙaton gini ne da ya ga jiya, fenti yana ɓarewa, kujeru suna ƙara. Cike take da Indiyawa, kakanni da jikoki, mata sun ɗora manyan riguna a kan sari, yara suna tsere a tsakanin layuka, ko'ina ƙamshin soyayyen abu da man gashi. Zinatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ita ga mai aikata laifi. Aka kashe fitilu. Haske ya faɗo a kan farin bango, ga fim ɗin ya tsufa har yana zubar da layuka kamar ana yayyafi.

Wayyo daɗi! Ga sarkin nan da jajayen idanunsa yana safa da marwa a soron fada, ga fadawa suna gyangyaɗi a tsaye suna tsoron a gan su. Ga 'yar mai lambu da tulunta. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ita ce mai fassara yau. Ta riƙa zungurin Murja: "Yanzu zai faɗi. Kin gani? Yanzu dogarai za su zo. Wancan mai gemun munafuki ne, ki sa masa ido." Komai yana zuwa yadda Uwaisu ya faɗa, har inda saurayin ya saki filafili ya faɗa ruwa don kallon taga. Ta yi dariya har ɗinkinta ya amsa. Ta ji son mijinta ya taso mata sabo, ta ce a ranta, Allah sarki Malam, ko tari bai tsallake ba.

Bayan hutun rabin lokaci yarinyar ta kwanta ciwo. Zinatu ta ce wa Murja, "Kar ki damu, warkewa za ta yi." Sai ta lura da tsohuwar da ke gefenta na hagu, wata mai farin gashi da ɗigon ja a goshi. Tsohuwar ta buɗe jaka ta zaro hankici ta shimfiɗa a cinya. Ta gabanta ma haka. Can baya wata ta soma jan hanci. Mutanen nan sun san fim ɗin, da shi suka girma. To kukan me suke shiryawa ana dab da biki?

Likitan fada ya shigo, tsoho mai jakar fata. Ya riƙe hannun yarinyar, ya buɗe idonta ya duba. Bai ba da magani ba. Ya yafito saurayin suka fita bakin ƙofa, ya yi magana mai tsawo yana girgiza kai, ya dafa kafaɗarsa ya sauka. Saurayin ya jingina da bango. Aka matso da fuskarsa har ta cika bangon sinimar, ana ganin leɓensa yana rawa. Ya sa hannu ya shafe fuskar tun daga goshi har haɓa, ya ja numfashi, ya ɗora murmushi. Sannan ya tura ƙofa ya shiga da fara'a, ya faɗi 'yar gajeruwar magana. Yarinyar ta yi murmushi ita ma.

Wannan ba ya bukatar Indiyanci. Zinatu ta taɓa ganin an shafe fuska haka, ta gilashin ƙofa, ta ɗauka gajiya ce.

"Zinatu, tashi mu tafi," in ji Murja, muryarta ta sauya. "Sanyin nan ya yi miki yawa."

"Ba inda za ni."

"Don Allah ki tashi. Fim ɗin banza ne, tsohon yayi."

Zinatu ta damƙe hannun kujera. A bango yarinyar tana nuna taga, tana nuna hayin tafki inda lambun ubanta yake, tana roƙo. Saurayin yana murmushi yana mata alama da hannu: sai an jima, sai kin ƙara ƙarfi. Aka nuna ganye yana zuba, aka nuna ta sake nuna tagar, hannun ya ƙanƙance. Ya sake cewa sai an jima. Daga nan sai kuyangin fada suka shigo da kwanduna.

An cika kwale-kwalen da furanni kam, Uwaisu bai yi ƙarya a nan ba. Ta kuma kwanta a ciki. Sai dai mutum huɗu ne suka ɗauko ta suka shimfiɗa, wata tsohuwa ta shafe mata idanu, aka zuba furannin har suka rufe fuskar. Saurayin ya kama filafili ya soma waƙar. Ita ce, ba wata ba, waƙar da aka rera wa Zinatu a daren farko, ga ta nan ana tuƙa gawa da ita. Duk sinimar ta ɗauki kuka. A hayi tsohon mai lambu yana tsaye da kwandon 'ya'yan itace, ya ji an ce 'yarsa tana tafe, yana ta washe baki yana ɗaga hannu.

Zinatu ba ta yi kuka ba. Da aka kunna fitilu tsohuwar gefenta ta dube ta, ta faɗi wani abu da yarensu, ta shafa mata hannu ta wuce.

A waje ƙarfe uku ne kawai amma gari ya soma duhu, hazo ya taso daga kogi. Suka zauna a bencin jiran bas. Zinatu ta ce, "Yaya Murja, don girman Allah, don darajar iyayenki, me likita ya ce?"

"Ni? Ni aka gaya wa? Ina ce mijinki ne ya..."

"Kowa ya sani. Matan Catford sun sani, Hajiya Fatimah ta sani. Ni mai cikin ce kawai ban sani ba."

"Rai ai na Allah ne, Zinatu. Wani yana lafiya ƙalau ma sai ki ji an ce..." Murja ba ta ƙarasa ba. Matar da ba a taɓa ganin bakinta ya mutu ba ta kifa kai a gwiwa tana gunji, har Turawan da ke layi suka juyo. Zinatu ce ta koma tana bubbuga bayanta.

Flat ɗinsu a hawa na biyu yake. Ta sallami Murja a ƙofar gida ta ce ita kaɗai za ta hau. Kafin ta kai rabi sai da ta zauna. Bernard ne ya same ta a nan, mutumin Gana da ke ɗakin ƙasa, kwandastan bas, wanda ya tashi a zangon Kumasi yana jin Hausa irin tasu ta can, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ce, "Madam, ka gaji? Kawo hannu." Ya kai ta har ƙofa.

Uwaisu ya riga ta dawowa. Yana tsaye a tsakiyar ɗaki da kot a jikinsa, naman yana kan tebur a takardarsa, jini ya soma ɗiga a ƙasa. Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya ga fuskarta, ya rufe.

"Na ga kwale-kwalen," in ji ta.

Ya kawar da kai. Can ya ce, "A Kano yanke ƙarshen suke yi. Kin san 'yan sinima, in dare ya yi sai su..."

"Malam, ka ji tsoron Allah. Waƙar fa? A yankakken ka koye ta?"

Ya zauna a hannun kujera. Ya ce, "Kina 'yar shekara goma sha bakwai, kin tallafe haɓa a soro, kika ce mini, 'Sun yi aure ko?' Da idanun nan naki. Me zan ce? Na ce sun yi. Daga nan kuma ba dama in warware."

"Wannan ya wuce, na yafe. Fim ne. Yanzu ka ba ni ɗayan labarin, kar ka tsallake ko tari. Me Baturen nan ya ce a baranda?"

Ya faɗa. Da ƙyar, amma ya faɗa. Likitoci sun buɗe sun tarar abin ya bazu, suka mayar suka ɗinke. Ba abin da aka cire. Magungunan da take sha na rage zafi ne. Ta saurara kamar labarin wata ake ba ta, har ta yi mamakin kanta. Ashe abin da mutum ya riga ya sani a ƙashinsa, jin sa da kunne ba ya kashewa.

"Shi ke nan abin da ya ce?"

Uwaisu ya sunkuyar da kai. "Ya ce in akwai waɗanda kike so ki gani a gida, in kai ki tun kina iya zaman jirgi."

"Yaushe ya faɗi haka?"

"Ranar nan dai. Bayan ƙaramar Sallah."

Ga layya ta ƙarato, an soma maganar raguna. A nan ne abin ya tsinke mata. Ba mutuwar ce ta ƙona ta ba, kwanakin nan ne da aka kwashe aka zubar tana kwance tana shan miyar gudaji, kwanakin da take iya hawa benen nan ba ta zauna ba.

"Ka cuce ni, Malam! Wallahi ka cuce ni! Na roƙe ka da bakina, ka ce sabon ɗinki!"

"In na ce mu tafi a tsakiyar kos ai za ki gane. Kullum sai in ce gobe zan faɗa miki, in shigo in ga kin ɗan yi fara'a, in ce a bar ta yau ma ta kwana da daɗi. Ko a gida wa yake gaya wa majiyyaci? Ba a yi, Zinatu. Na kasa."

"Ka kasa, ni kuma ka hana ni. Ranka ka tausaya wa, ba nawa ba. Luba nake so in gani! Luba! Ka ji na faɗa, kunyar ta ƙare. 'Yata ba ta san fuskata ba, so kake a nuna mata hoto a ce ga uwarki?"

Tun da aka raɗa wa yarinyar suna bai taɓa jin sa a bakinta ba. Ya rufe fuska da tafuka biyu. Ta bar shi a nan ta shiga ta yi alwala, ta yi magariba a zaune.

Wayar gidan guda ce, a ƙasa take bakin ƙofar shigowa, irin wadda ake jefa wa kuɗi. Washegari da safe, da za a kira ofisoshin jirgin sama, Zinatu ta lulluɓa da bargo ta sauko da baya da baya, ta zauna a matakala. Uwaisu ya ce ta koma ta kwanta, duk yadda aka yi zai hau ya gaya mata. Ta ƙwanƙwasa bangon ɗakin Bernard, ya fito da singileti da buroshi a baki.

"Bernard, taimako za ka yi mini. Ka sa kunnenka a jikin wayar nan. Abin da suka ce da abin da ya ce, ka juya mini da Hausa, kar ka rage komai."

Bernard ya dubi Uwaisu. Namiji da karatunsa, a ce an kira kwandasta ya tsaya masa a ka a gaban matarsa, ai da mari ya fi sauƙi. Uwaisu ya ɗaga wayar, ya karkatar da ita yadda kunne biyu za su samu, suka haɗa kai kamar masu gulma.

Samun kujerar Kano a wannan lokacin kuwa sai wanda ya gani. Kuɗi ya yi yawa a hannun mutane, kowa ya zo London sayayya, jirage suna tashi maƙil da talabijin da akwatunan leshi. Ga masu komawa Kirsimeti, ga wasu jiragen an janye su jigilar alhazai. Ofishi na farko, Bernard ya ce, "Ya ce babu, sai sabon shekara." Na biyu, "Ya ce babu. Maigida ya ce don Allah. Ya ce ko don Allah babu." Na uku ba su ma ɗauka ba. Uwaisu yana ta jefa sulalla a wayar, wasu suna zubewa, Bernard yana tsince masa. Zinatu tana zaune tana jin sanyin matakalar yana ratsa bargon.

A wani ofishin aka ce su dakata. Suka daɗe a tsaye. Sai Bernard ya zare buroshin daga baki.

"Madam, an samu! Wani ya yi cancel, ya fasa tafiya. Ranar Alhamis. Amma kujera ɗaya ne."

"A karɓa."

Uwaisu ya toshe bakin wayar da tafinsa. "Ɗaya fa, Zinatu. Ke kaɗai, ba Turanci, ba kowa. Ni sai bayan Kirsimeti zan samu. In na biyo ki a lokacin..." Bai ƙarasa ba, ba kuma wanda ya nemi ya ƙarasa. Ta dube shi sosai, mutumin da ya yi mata kiɗa da akwatin ashana, ya rame shi ma, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tana son sa, haushin bai kashe wannan ba, kuma ta san in ta hau jirgin nan sun gama ganin juna. Ta ce, "A karɓa, Malam."

Muryar cikin wayar ta ci gaba da magana. Bernard ya kasa kunne, fara'arsa ta ragu.

"Yana tambaya, mai tafiya lafiyarsa ƙalau? Ya ce in marar lafiya ne ba su ɗauka haka nan, sai likita ya duba ya sa hannu, su ma nasu likita ya duba. Ya ce wannan ba ya ƙarewa kafin Alhamis."

Uwaisu ya sake toshe wayar. Idanunsa sun kawo ruwa. "In wani abu ya same ki a sama fa? Wa zai riƙe ki? Wa zai laƙƙana miki kalmar shahada?"

"Ka ce musu lafiyata ƙalau."

"Zinatu..."

"Faɗa musu. Ai ka iya."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya janye tafinsa, ya gyara tsayuwa, ya yi magana. Muryar ta fito sumul, ba gargada, har da 'yar dariya a ƙarshe, ta cikin wayar ma aka ji matar tana dariya. Bernard ya janye kunnensa ya juya yana kallon bango.

"Me ya ce?" in ji Zinatu.

"Ya ce matarsa garau yake. Ya ce kewar gida kawai ke damunsa, ya gaji da sanyin London." Bernard ya share hanci da bayan hannu. "An yi booking, Madam."

Ta ce alhamdu lillahi. Akwai aiki a gabanta, ga akwati a saman kabad, ga 'yan rigunan da ta daɗe tana tarawa ba ta san ko za su shiga yarinyar ba. Ta kama ƙarfen benen za ta miƙe. Ƙafafun suka ƙi. Ta gyara riƙo, ta cije, ta sake yunƙurawa, ta koma ta zauna. Mazan biyu suna tsaye suna kallonta, wayar tana hannun Uwaisu bai mayar ba.

"Kar wanda ya taɓa ni," in ji ta. "Ni zan tashi da kaina."

Ranar Litinin ce, ko hantsi bai yi ba.